Yadda Ake Tantance Tsohuwar Wuƙar Hafsan Sojan Ruwa Kafin a Biya Kuɗinta

Duk wanda aka miƙa wa tsohuwar wuƙar ado ta hafsan sojan ruwa, tambayoyi biyu ne a gabansa, kuma bai kamata ya gwama su ba. Ta farko: shin an ƙera wuƙar nan a ƙasar da ake faɗa, a zamanin da ake faɗa? Ta biyu: shin mutumin da ake jingina ta gare shi ya taɓa rataya ta a ƙugunsa? Wuƙa tana iya zama ta ainihi tun daga tsini har kan ƙota, amma labarin da aka ɗora mata ƙagagge ne. Haka kuma iyali suna iya ba da labarin kakansu na gaskiya, alhali wuƙar da ke hannunsu an sayo ta shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Yawancin asarar da masu tara irin waɗannan kaya ke yi daga nan take fitowa: daɗin labari ya hana su duban ƙarfe.

Don haka tsarin da zan bi shi ne ƙarfe tukuna, labari daga baya. Idan ƙarfen ya ƙaryata labarin, magana ta ƙare. Idan bai ƙaryata shi ba, to a lokacin ne aikin bin salsala zai fara.

Mataki na farko: ka bar ta yadda ta zo

Kada ka goge ta, kada ka sa mata mai, kada ka kwance komai. Duhun da tagulla ke yi da shekaru, da dattin da ya taru a lungunan zane, da ƙurar da ta daskare tsakanin ƙota da makarin hannu (ƙarfen da ke gicciye a gindin ƙota don kare hannu), duk shaidu ne. Wanda ya sa maganin goge ƙarfe ya share su da hannunsa, ya kuma rage wa wuƙar daraja. Ka sa safar hannu in za ka taɓa ruwan wuƙar, domin gumin yatsa yana barin tabo.

Sai ka ɗauki hoto a hasken rana, ba da walƙiyar kyamara ba: wuƙar a cikin kube, wuƙar a waje, fuskokin ruwan biyu, gindin ruwan inda ake buga tambari, kan ƙota ta kowane ɓangare, bakin kube da zobbansa. Ka auna tsawon ruwan da tsawon wuƙar gaba ɗaya, ka rubuta. Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninka gani sau 10, ɗan maganaɗisu, da ƙaramar tocila mai hasken shuɗi irin wadda ake duba takardun kuɗi da ita.

Mataki na biyu: gano ƙasa da samfuri

Waɗannan wuƙaƙe ba makaman da kowa ke ƙerawa yadda ya ga dama ba ne. Ɓangare ne na kayan sarki, kuma tun daga ƙarni na 19 yawancin rundunoni sun kafa musu ƙa'ida. Wannan ƙa'idar ita ce babbar garkuwar mai saye, domin kowane samfuri yana da shekarar da ya fara.

A Birtaniya, ƙananan hafsoshi masu koyon aiki a jirgi su ne aka fi sani da rataya ta. A 1856 aka fitar da samfurin hukuma: kan ƙota mai siffar kan zaki, ƙota lulluɓe da farar fatar kifi mai kaushi, kuben baƙar fata mai kwalliyar tagulla da aka yi wa ruwan zinariya. An yi masa gyare-gyare a 1879 da 1891. Kafin 1856 kuwa babu siffa guda. Akwai masu miƙaƙƙen ruwa, akwai masu lanƙwasa, da yawa masu ƙotar hauren giwa, kowane hafsa da abin da aljihunsa ya iya. Saboda haka in aka nuna maka wuƙa mai siffar samfurin 1856 aka ce ta halarci yaƙin Trafalgar na 1805, ba ka buƙatar wani masani. Shekaru 51 ne tsakani.

Kambin sarautar da ke saman zanen anka (ƙugiyar tsayar da jirgi) a jikin wuƙar shi ma agogo ne. Sarauniya Victoria ta rasu a 1901, kuma bayanta aka sauya siffar kambin da ake sa wa a kayan soja zuwa wani mai zagayayyen sama, wanda aka ci gaba da amfani da shi har zuwa hawan Sarauniya Elizabeth ta biyu a 1952. A kan ruwan kuma akan zana harufan sarkin zamani: VR na Victoria, sai na Edward na bakwai daga 1901, George na biyar daga 1910, George na shida daga 1936. Dole kambi da harufa su yarda da juna.

A Jamus, kan ƙota shi ke ba da labari. Wuƙar zamanin Kaisa, wato sarkin Jamus, tana da kambin sarauta a kai, kuma daga 1901 ta zama ta hafsoshi gaba ɗaya bayan ta fara a matsayin ta masu koyon aiki. Da sarauta ta faɗi a 1918 aka cire kambin, aka koma wani dunƙulallen kai marar alamar sarki. A 1938 aka kawo kai mai siffar gaggafa riƙe da alamar 'yan Nazi. Wannan ta ƙarshe ana yawan yi mata jabu, domin kasuwa tana nemanta sosai. Ruwanta yawanci yana da kwarmi biyu a tsakiya da zanen anka da igiya ta naɗe, kuben na tagulla ne, ko dai mai zanen walƙiya ko mai dukan guduma, kuma akwai ɗan maɓalli a makarin hannu da ake dannawa kafin a zare ta.

A Rasha sunanta kortik, kuma ƙa'idarta ta hafsoshin ruwa ta koma har 1803. Ta ƙarshen zamanin sarakuna tana ɗauke da harafin Nikolas na biyu. Ta zamanin Tarayyar Sobiyet, musamman samfurin 1945, tana da ƙota mai kusurwa huɗu ta roba mai launin haure, da anka da jirgi mai filafilai a kwalliyar kube. An ƙera su da yawan gaske a garin Zlatoust, kuma a gindin ruwan za ka ga tambarin masana'anta da shekara, a ɗaya fuskar kuma lamba. Yawansu ya sa na ainihi ba su da wuyar samu, don haka duk wanda ya tsawwala wa ɗaya kuɗi, labari yake sayar maka.

Ta Japan, samfurin 1883, ana gane ta da furen ceri a kwalliya da fatar kifi a ƙota. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu kayan aiki sun yi ƙaranci, aka riƙa yin wasu da roba mai kwaikwayon fatar. Rashin kyan irin waɗannan ba alamar jabu ba ne, alamar lokacinsu ne.

Da ka gano samfurin, ka nemi hotunan irinsa a rumbun da babu mai neman kuɗinka a cikinsa: gidan tarihin harkokin teku na Greenwich, ko gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds, ko gidan tarihin wuƙaƙe na Solingen. Hotunan shagunan intanet ba ma'auni ba ne, domin jabu da yawa daga jabu aka kwafe su.

Mataki na uku: karanta tambarin maƙera

Garin Solingen shi ne cibiyar ƙera wuƙaƙen Jamus, kuma kowane kamfani da alamarsa. Carl Eickhorn kurege ne. WKC, wanda ya samu daga haɗewar gidajen Weyersberg da Kirschbaum a 1883, kan jarumi ne sanye da hular ƙarfe, a da tare da kan sarki. Alcoso ma'auni ne mai faranti biyu. F. W. Höller ma'aunin zafi ne. Ganin alamar kawai bai isa ba, domin ita ce abu na farko da mai jabu ke kwaikwaya. Abin dubawa shi ne wace siffa ce ta alamar. Kuregen Eickhorn ya sauya zama da kamanni sau da yawa. Wanda ke zaune riƙe da takobi an san shi da shekarun 1935 zuwa 1941. In ka ga siffar kurege ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu a kan wuƙar da aka ce ta zamanin Kaisa ce, ka san inda aka dosa.

Sannan kowane kamfani yana da salon hannunsa a sauran sassa: yadda gaggafarsa ke buɗe fiffike, yadda yake lanƙwasa makarin hannu, irin zanen zobban kube. Masu dogon nazari suna gane maƙeri tun kafin su zare ruwan. Wannan ilimi ba ya samuwa sai da yawan gani, kuma shi ya sa nake ganin sabon shiga ya fi dacewa ya zaɓi kamfani ɗaya ya ƙware a kansa kafin ya bazu.

A Birtaniya sau da yawa sunan da ke gindin ruwa na shagon ɗinkin kayan hafsoshi ne, ba na maƙeri ba, kuma sunayen shaguna suna sauyawa da shekaru. Gidan Gieves, wanda ya shahara da hidimar sojan ruwa a Portsmouth, ya yi amfani da suna Gieve, Matthews & Seagrove a farkon ƙarni na 20, daga baya ya koma Gieves, sai a 1974 ya zama Gieves & Hawkes. Wuƙa mai wannan suna na ƙarshe ba ta ga ko ɗaya daga cikin yaƙe-yaƙen duniya biyu ba. Kamfanin Wilkinson kuma ya fara buga lamba a ruwan takubbansa tun 1844, yana rubuta su a littattafan ajiya. Inda ruwan ke da lamba, akan iya gano shekarar da aka yi shi, wani lokaci har da sunan wanda ya saya.

Ka kula da rubutun ƙasar da aka yi kaya. Dokar Birtaniya ta 1887 da ta Amurka ta 1890 su ne suka tilasta sa sunan ƙasa a kayan da ake shigowa da su. Hafsan Jamus da ya sayi wuƙarsa a gida ba ya buƙatar a rubuta masa sunan ƙasarsa da Turanci, don haka irin wannan rubutu yana nuna kayan fitarwa waje ne. In kuwa rubutun ya ce Jamus ta Yamma, to tsakanin 1949 da 1990 aka yi ta. Masu wayo sukan goge shi; ka duba gindin ruwan da gilashi ko akwai wurin da ya ɗan lotsa ko ya fi sauran ƙyalli.

Mataki na huɗu: duba aikin hannu

Nan ne ido ke aiki fiye da littafi. Fara da tagulla. Sassan ainihi an zuba su daga ƙirar asali, sannan ma'aikaci ya bi su da hannu ya fito da gashin zaki ko gashin gaggafa ɗaya bayan ɗaya. Mai jabu kuwa daga tsohuwar wuƙa yake ɗaukar ƙira, don haka nasa yakan fito a dushe, layuka sun narke cikin juna, da ƙananan ramuka kamar na kumfa, wani lokaci da layin haɗin ƙira da ba a goge ba. Yakan kuma ɗan gaza na asali girma, saboda ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Ka ɗora maganaɗisu a kan kwalliyar: tagulla ba ta kama shi. In ya kama, ƙarfe ne aka rina. Wannan bai yanke hukunci shi kaɗai ba, domin a tsakiyar yaƙi an yi amfani da madadin tagulla, amma dalili ne na ƙara bincike.

Ruwan zinariya yana tsufa da tsari. Yana gogewa a tudu, inda hannu da tufafi ke shafa, yana saura a kwari. In ka ga zinariya fes a tudu amma lungu ya yi baƙi ƙirin iri ɗaya ko'ina, to baƙin shafa shi aka yi. Haka tsatsa: ta shekaru tana cin ƙarfe a hankali, baƙa-baƙa, ba ta da tsari. Ta sinadari ja ce, sabuwa, tana kwance a sama kamar an yayyafa.

Zanen da ke kan ruwa da asid ake cinye shi. Na da yana da zurfin da farce ke ji, gefunansa tsaf, bayansa toka-toka mai laushi. Na zamani sau da yawa marar zurfi ne, ko kuma a ƙarƙashin gilashi ka ga ɗigo-ɗigo a jere, alamar na'ura. Akwai kuma ruwa mai zanen igiyar ruwa da ake kira damaskas, wanda ake samu ta ninka ƙarfe iri biyu a maƙera, kuma yana ninka kuɗin wuƙa. Na gaske zanensa yana ratsa jikin ƙarfen, ana ganinsa har a gefe da ƙashin baya. Na kwaikwayo a fuska kawai yake, kuma za ka ga siffa ɗaya tana maimaita kanta. Tun a zamanin ma an sayar da na kwaikwayon ga hafsoshin da ba su iya sayen na gaske ba, don haka yana iya zama tsoho amma ba shi da wancan farashi.

Sai ƙota. Hauren giwa yana da wasu layuka masu gilma juna kamar raga, waɗanda ake gani a wurin da aka yanke shi a kwance. Ana kiransu layukan Schreger. Robar seluloid, wadda aka fara yi a Amurka wajen 1870, an daɗe ana kwaikwayon haure da ita, amma layukanta a miƙe suke, a jere, babu gilmawa. Ƙashi kuma yana da ƙananan ɗigon baƙi. Ƙotar yawancin wuƙaƙen Jamus na shekarun 1930 da 1940 roba ce a kan katako, kuma da yawa sun rine daga fari zuwa ruwan ƙwai ko ruwan lemo. In rinin na shekaru ne, ɓangaren da ya fuskanci haske yakan fi duhu, kuma ƙarƙashin wayar da aka naɗe ƙotar da ita yakan fi haske. Wasu suna ba da shawarar a ɗora allura mai zafi don a gane roba daga haure. Kada ka yi. Tana barin tabo har abada, kuma seluloid yana kama wuta nan take.

A ƙarshe ka kashe fitila ka haska tocilar nan mai shuɗi. Gam na zamani yana ƙyalli a wurin da aka yi gyara, sabon zare a igiyar ado yana haske fiye da tsoho, ciko a jikin haure yana fitowa da launi dabam.

Mataki na biyar: wuƙar da aka harhaɗa

Wannan shi ne mafi wuyar sha'ani, domin kowane sashe yana iya zama na ainihi amma ba tare aka haife su ba. Bayan 1945 an bar tarin sassa a ma'ajiyar kamfanonin Solingen, aka riƙa haɗa su ana sayar wa sojojin mamaya da ke neman tsaraba. Daga baya dillalai suka ci gaba da cire ƙota mai kyau daga wannan, kube mai kyau daga waccan.

Alamar ita ce zama. Ruwa ya shige kube lafiya, maɓalli ya kama da ƙara ɗaya, makarin hannu ya zauna daram a bakin kube ba rata. 'Yar fatar da ke gindin ruwa ta lotse daidai siffar bakin kuben da ta daɗe tana gogayya da shi. Launin tagullar kai da na makarin hannu da na kube su zama tsufa ɗaya. Sabon ƙarce a kusa da kan ƙota yana nuna an kwance ta ba da daɗewa ba.

Sai dai a yi adalci: ba kowane sauyi ne ha'inci ba. A 1938 hafsoshin Jamus da yawa ba su sayi sabuwar wuƙa ba, kai kawai suka sauya, suka ɗaura gaggafa a kan wuƙarsu ta da. Wasu ma ta zamanin Kaisa ce suka bi da ita duk sauye-sauyen. A Rasha bayan juyin 1917 an kankare harafin sarki daga wuƙaƙe da yawa. Irin waɗannan a wurina sun fi waɗanda ba a taɓa ba ban sha'awa, domin rayuwar mai su tana rubuce a jikinsu. Abin da ake nema shi ne sauyin ya dace da wata ƙa'ida da aka sani, kuma tsufan wurin haɗin ya nuna an daɗe da yin sa.

Mataki na shida: bin salsala

Salsalar kaya kamar isnadi take: wane ya karɓa daga wane, har a kai ga na farko, kuma inda aka samu giɓi ƙarfin maganar ya ragu. "Wani tsohon soja ne ya kawo ta" ba salsala ba ce. Salsala ita ce suna, da shekara, da takarda, a kowane hannu da wuƙar ta bi.

Idan akwai suna a zane a kan kube ko ruwa, fara da zanen kansa. Cikin harufan ya yi duhu daidai da kewayensa, ko yana ƙyalli? Ya ratsa ta kan tsohon ƙarce, ko ƙarcen ne ya ratsa ta kansa? Aikin hannu yana da kauri da siranta a harafi guda. Na injin zamani faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Ka duba rubutun ma. A 1918 Rasha ta gyara ƙa'idar rubutunta ta zubar da wasu harufa, don haka sadaukarwar da aka ce ta 1910 ce amma aka rubuta ta da sabuwar ƙa'ida ta tona kanta. Birnin Saint Petersburg ya zama Petrograd a 1914, ya zama Leningrad a 1924. Sunan da aka rubuta dole ya dace da shekarar.

Daga nan sai a nemi mutumin. Rundunar ruwan Birtaniya ta daɗe tana buga jerin sunayen hafsoshinta da muƙamansu da jiragensu, kuma takardun aikinsu suna rumbun ƙasa da ke Kew a Landan, a rukunin ADM 196. Na Jamus akwai jerin muƙamai da rundunar ke bugawa, da rumbun soja na tarayya a Freiburg, da takardun ma'aikata a Berlin. Ka gwada abu uku: shin mutumin ya wanzu, shin yana riƙe da muƙamin da aka rubuta a shekarar da aka rubuta, shin samfurin wuƙar yana aiki a lokacin da yake bakin aiki. Ko duk sun dace, ka tuna mai jabu ma yana iya buɗe wannan jerin ya zaɓi suna. Samun sunan a rumbu yana tabbatar da mutumin ne, ba ya tabbatar da cewa wuƙar tasa ce.

Girman suna shi ne dalilin ƙara tsanani. Jirgin yaƙin Jamus mai suna Bismarck ya nutse ranar 27 ga Mayu 1941 da mutum fiye da 2,000, waɗanda suka tsira ba su kai 120 ba, kuma daga cikin teku aka tsamo su. Wuƙar da aka ce daga jirgin ta fito tana buƙatar bayanin yadda ta tsira. Mai yiwuwa hafsan ya bar ta a gida, amma sai an nuna hanyar da ta bi daga gidan zuwa teburin mai sayarwa. Haka duk abin da aka jingina wa Nelson, kwamandan rundunar ruwan Birtaniya a yaƙin Trafalgar, ko kwamandojin jiragen ƙarƙashin teku, ko wuƙaƙen girmamawa da manyan kwamandojin Jamus suka bayar ga mutane ƙalilan.

Takardu su ma kaya ne, a bincike su kamar ƙarfe. Alƙalamin biro bai shiga kasuwa sosai ba sai tsakiyar shekarun 1940. Takarda mai ƙyalli fari-shuɗi a ƙarƙashin tocila tana ɗauke da sinadarin da ya yaɗu daga shekarun 1950. Lambar gidan waya mai alƙaluma 5 a adireshin Jamus daga 1993 ta fara. Sojojin Amurka da suka koma gida da ganima akan ba su takardar izini da sa hannun hafsa, amma yawanci abin da ke ciki bai wuce "wuƙar Jamus guda" ba, don haka takardar gaske tana iya rakiyar wuƙar da ba tata ba. Shaida mafi ƙarfi ita ce wadda ta ambaci abin da babu mai irinsa: lamba, ko wani lahani, ko tsohon hoton da ake gane wannan wuƙar a cikinsa, ko tsohon kundin gwanjo mai hoto. Wasiƙar da dillali ya rubuta da kansa ra'ayinsa ce kawai.

Salsala tana da wata fuska: kada ka sayi kayan sata. An sha sace makamai daga gidajen tarihi. Ƙananan lambobi da farin fenti ko tawada a jikin kube suna iya zama lambar rajistar wani gidan tarihi. Ga abu mai tsada, a duba rumbun 'yan sandan ƙasa da ƙasa (Interpol) na kayan tarihin da aka sace, ko a biya kamfanin bin sawun kayan sata na Art Loss Register su bincika.

Mataki na bakwai: doka

Hauren giwa yana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashe ta kare namun daji, CITES, wadda ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shawarar 1989, kuma tsohon abu ma sai da takarda yake ƙetare iyaka. Birtaniya ta ƙara tsanantawa da dokar 2018 da ta fara aiki a Yunin 2022: daga cikin 'yan abubuwan da aka keɓe akwai wanda aka yi kafin 1947 kuma hauren da ke jikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba, shi ma sai an yi masa rajista. Amurka ta tsaurara tata a 2016. Alamar 'yan Nazi kuma dokar Jamus ta hana baje ta a fili, wasu ƙasashen Turai ma haka, kuma manyan kasuwannin intanet irin su eBay ba sa karɓar kayan da ke ɗauke da ita. Bayan wannan, a idon jami'in kwastan wuƙa makami ce komai tsufanta. Ka san dokar ƙasar da za ta fito da ta ƙasar da za ta shiga kafin ka biya, domin in aka ƙwace ta a iyaka babu mai mayar maka da kuɗi.

Mataki na takwas: ciniki da ajiya

Kada ka yi cinikin biri a sama. In ba za ka iya riƙe wuƙar a hannu ba, ka nemi hotunan da ka zaɓa da kanka, musamman gindin ruwa da bakin kube. Mai sayarwar da ya ƙi, ko ya ce akwai wani mai saye da ke jira, ka bar masa kayansa. Ka karanta bayanin gidan gwanjo kalma bayan kalma: "ta wane ce" dabam, "ana jingina ta ga wane" dabam, "irin ta zamanin kaza" kuma ba ta ce tsohuwa ba ce sam. Ka nemi ra'ayin masani wanda ba shi da kaso a cinikin, ka ba shi hotuna ba tare da labarin ba, don ya faɗi abin da ya gani.

Rasiɗin ya ƙunshi ƙasa, samfuri, maƙeri, shekaru, abin da aka yi ƙota da shi, duk gyaran da aka sani, da alkawarin mayar da kuɗi in ta tabbata ba haka ba, tare da wa'adinsa. Farashi kuma ka yi shi a kan abin da ƙarfen ya tabbatar. Ƙarin da ake nema saboda suna, sai in takarda ta kai ka har hannun mai sunan.

In ta zama taka, ka buɗe mata fayil: hotuna, awo, rasiɗi, sunan wanda ya sayar maka da abin da ya faɗa, ka bambanta abin da aka tabbatar da abin da aka ji. Ka shafa wa ruwan ɗan kakin adana kayan tarihi irin su Renaissance Wax, siriri, da ƙyalle mai laushi. Ka ajiye ta inda babu laima, nesa da rana da zafi, domin haure yana tsagewa, seluloid kuma yana ruɓewa ya fitar da tururin da ke cin ƙarfen da ke kusa da shi. In kuben na fata ne, ya fi kyau a ajiye ruwan a waje kusa da shi, a riƙa duba su duka biyun lokaci-lokaci.